Iyafis Mai Sunan Tauraro: Sunan Ake Saye Ko Sautin?

Duk wanda ya zaga Gusau a 'yan shekarun nan, daga Tudun Wada zuwa Samaru, daga Sabon Gari zuwa bakin babbar kasuwa, zai lura da wani ado da ya zauna wa matasa daram. Ɗan abu ne fari ko baƙi maƙale a kunne, wani da siririyar waya, wani kuma ba waya sam, sai bulutut. Ɗalibi na da shi, ɗan kabu-kabu na da shi, tela na ɗinki da shi, budurwa ma ya na nan ƙarƙashin hijabi. Haka abin ya ke a Tsafe, haka ya ke a Bungudu. Iyafis ke nan.

Wai me ya haɗa shi da harkar fim? Komai ma kuwa! A zamanin 'Sangaya' da 'Wasila', wato wajejen 1999 da 2000, kallon fim sha'anin taro ne. A karɓo kaset daga shagon haya, a shimfiɗa tabarma, yara da manya su kewaye talbijin ɗaya, sauti na fita kowa na ji har maƙwabta. Yanzu sinimar ta koma tafin hannu. 'Izzar So' da 'Labarina' da 'Daɗin Kowa' duk a waya yawancin samari ke kallon su, kuma lasifikar wannan sinima ita ce abin da ke cikin kunne. Lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara cikin Satumba 2021, kira da intanet su ka tsaya cik, amma fim da waƙar da ke cikin memori ba su tsaya ba. Saboda haka duk wahalar da mawaƙi ya sha a sutudiyo, da wadda darakta ya sha a lokeshin, ta wannan ɗan abu za ta bi kafin ta isa ga mai kallo.

To, sai ga shi an shigo da wani salo: a buga hoton tauraro a kwali, a ce shi ya daidaita sautin da kan sa. Mai shago zai miƙo wa yaro kwali ya na cewa, "Ɗauki wanga, ƙanena, na Burna na, bes nai ya ɗara na kowa." Yaro kuwa ya tara kuɗin nan da guminsa, wataƙila na wata biyu ko uku. Shin me ya saya?

INDA ABIN YA SAMO ASALI

A Amurka aka ƙirƙiro wannan kasuwa. A 2006 ne makaɗin nan Dr. Dre da abokin sa Jimmy Iovine, shugaban kamfanin waƙa na Interscope, su ka kafa Beats. An ce takalma aka so Dre ya riƙa sayarwa da sunan sa, sai Iovine ya ba shi shawarar ya tsaya kan abin da ya sani, wato sauti. A 2008 su ka fito da na farko, babba mai rufe kunne, kan kusan dala 350. Sai dai ga wani abu da masu saye da yawa ba su kula da shi ba: kamfanin Monster ne ya ƙera kayan cikin sa a shekarun farko, kuma wani gwanin zane mai suna Robert Brunner da kamfanin sa ne su ka tsara sifar. Na Dre shi ne suna da kunne da kwarjini.

Da aka ga ta karɓu, sai aka shiga yin ƙanana na cikin kunne da sunan taurari ɗaya bayan ɗaya. A 2009 aka yi Heartbeats na mawaƙiya Lady Gaga, mai sifar dala kamar ɗan kunnen mata. A 2010 aka yi na Diddy, da na Justin Bieber, da Powerbeats na ɗan ƙwallon kwando LeBron James, mai maƙata da ke zagaye kunne. A 2011 shi ma 50 Cent ya fito da SMS Audio, Ludacris ya fito da Soul. Tallar ta yi ƙarfin da a gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, hukumar FIFA ta hana 'yan wasa saka Beats a filin wasa, don Sony ne ke ɗaukar nauyin gasar. A wannan shekarar ce Apple ya saye Beats kan dala biliyan 3. Tirƙashi! A 2022 kuma aka fito da na Kim Kardashian, inda abin da aka sauya kawai shi ne launi, aka yi kala uku masu kama da fatar mutum. Sautin nan shi ne dai na da.

A Nijeriya, wanda ya fi cin wannan kasuwa shi ne Oraimo, ɗan gidan Transsion na ƙasar Sin, masu Tecno da Itel da Infinix. Ya ɗauki 2Baba, wato 2Face Idibia, a matsayin jakada, ya fito da FreePods masu ɗauke da sunan sa. Daga baya ya ɗauki Burna Boy, aka yi SpacePods. A cikin irin waɗannan, muryar tauraron ce ke sanar da mutum cewa abin ya kunnu ko ya haɗu da waya. Ba shakka akwai burgewa a ji mawaƙin da ake ƙauna ya na magana a cikin kunne, kamar aboki.

ME TAURARON YA YI DA HANNUN SA?

Nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. A cikin kowane iyafis akwai wata 'yar mitsitsiyar lasifika, faɗin ta daga milimita 6 zuwa 14, da maganaɗisu, da wata siririyar fata mai kaɗawa. In na bulutut ne, akwai kuma batir da ɗan allon lantarki. Duk wannan aikin injiniyoyi ne a masana'anta. Abin da tauraro kan yi, in ma ya yi da gaske, shi ne ya saurari samfuri, ya ce a ƙara nan a rage can, ya zaɓi launi, ya ɗauki murya, ya tsaya a yi masa hoto. Kamar mai ɗanɗana miya ne, ya ce a ƙara gishiri ko yaji. Girkin na wasu ne.

Wannan ba laifi ba ne. Wani lokaci ma kayan na da kyau ƙwarai daidai kuɗin su. Matsalar ita ce ɗanɗanon wane ne aka bi. Kunnen ɗan Adam na jin sautin da ke kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa ɗaya. Masana kan kasa shi uku: na ƙasa mai kauri wanda ake kira bes, na tsakiya inda muryar mutum ta ke, sai na sama siriri irin na kuge da kacau-kacau. Kiɗan su Dre da Burna Boy a kan bes aka gina shi. Don haka iyafis ɗin da aka daidaita don irin wannan kiɗa yakan ɗaga ƙasa, ya ɗaga sama, ya bar tsakiya a rami. A minti na farko a shago sai a ji kamar an shiga gidan biki, ƙirji na dukan uku-uku. Wannan minti ɗayan shi ke sayar da kaya.

WAƘAR HAUSA MAGANA CE

To amma waƙar Hausa fa? Tun daga Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Sani Sabulu na Kanoma, waɗanda duk ƙasar Zamfara ce ta haife su, har zuwa kan Misbahu M. Ahmad da Rabi Mustapha da Sadi Sidi Sharifai, har kan su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Naziru Sarkin Waƙa da Hamisu Breaker, abin da Bahaushe ke bi a waƙa shi ne baiti. Ana sauraren ta ne don a ji abin da aka ce, a haddace, a tura wa masoyi ko a yi wa kishiya habaici da shi. Kiɗa rakiya ya ke yi.

Ga kuma yanayin harshen kan sa. A Hausa, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba kukan yaro da kukar miya, su raba garin da ake zaune da garin tuwo. Ɗan bambanci kaɗan ne tsakanin kafa da ƙafa, ko bari da ɓari. Duk waɗannan alamomi a sautin tsakiya su ke zaune, musamman baƙaƙe, waɗanda tsabtar su ke wajejen kaɗawa 2,000 zuwa 4,000. In bes ya yi yawa, sai ya danne su kamar yadda injin niƙa ke danne hira. Shi ya sa wani zai sayi iyafis mai tsada, ya saka 'Labarina', kiɗan bayan fage na ta rugugi, amma sai ya riƙa mayar da fim baya don ya ji abin da jaruma ta ce.

Haka nan ɗaga sautin sama ya na da nasa aibin. Waƙoƙin fim, tun zamanin da fiyanon Yamaha ya zama sarki a sutudiyoyin Kano, an san su da zaƙin murya, musamman ta mata, ga kuma gyaran murya na kwamfuta da ya ƙara mata kaifi. Idan iyafis ya ƙara wa wannan kaifi wani kaifin, sai muryar ta riƙa sukar kunne kamar allura, kafin a gama waƙa uku kai ya ɗau ciwo.

Gwaji mafi sauƙi shi ne a ɗauki tsohuwar waƙar Ɗanƙwairo. Akwai kotso, akwai jagora, akwai 'yan amshi da ke karɓa a tare. Iyafis na ƙwarai zai ware su, a ji kowa a muhallin sa. Na banza zai dama su wuri ɗaya kamar fura.

BA DUK LAIFIN IYAFIS BA NE

A yi adalci, wani sautin tun daga gida ya lalace. In an ɗauki magana a lokeshin janareto na ruri a bayan katanga, ko iska na kaɗa makirfo, babu iyafis ɗin da zai gyara. Hasali ma mai kyau tona asiri ya ke yi, don zai fito da duk wata ƙura da lasifikar talbijin ke ɓoyewa a da. Wannan saƙo ne ga furodusoshi: masu kallo yanzu a cikin kunne su ke sauraren aiki, kuskuren sauti ba shi da maɓoya.

Sannan akwai tafiyar da fim ke yi kafin ya iso. An ɗora shi a YouTube an matse shi. Mai tura finafinai a shago ya sauke shi da ƙaramin nauyi don memori ya ɗauki da yawa. Wani ya tura wa wani ta WhatsApp, an sake matse shi. Kowace matsa na zubar da wani abu daga sautin, kuma abin da ya zube ba ya dawowa. Turawa ta Xender ko kwafa kai-tsaye daga memori ba ta rage komai, haka ma turawa a matsayin fayil a WhatsApp. Waƙar MP3 mai lamba 320 ta fi mai 128 cika, ita kuma ta fi mai 64 nesa ba kusa ba. Wanda ya zuba dala ɗari a kunne ya na jin waƙar da aka matse sau huɗu, ya yi wa jaki sirdin doki.

KYAN SIFA DA KYAN AIKI

Wajen ƙira, abin da ido ke gani daban, abin da kunne ke buƙata daban. Iri biyu ne su ka fi yawa. Akwai mai tauri da ke zama a bakin kunne, irin sifar AirPods na farko da Apple ya fitar a 2016. Akwai kuma mai robar da ke shiga ciki ta toshe ƙofa. Na biyun ya fi riƙe sauti, ya fi tare hayaniya, amma sai in robar ta yi daidai. Shi ya sa ake sako roba kala uku a kwali, ƙarama da matsakaiciya da babba. Mutane da yawa na jefar da su tare da kwalin, alhali sau da dama rashin daɗin sauti daga robar da ba ta zauna ba ne.

Ƙasar nan kuma ta na da nata sharuɗɗan. Zafin bazara a Gusau kan haura digiri 40, kuma zafi ne babban abokin gabar batir. Barin kwanson iyafis a rana ko kan tankin babur rage masa kwana ne. Batirin ƙarami ne, ba a canza shi, don haka bayan shekara biyu ko uku zai fara gajiya ko da sunan wa ke jikin sa. Ƙurar hunturu da dattin kunne kan toshe 'yar ragar bakin sa, sai a ga ɓari ɗaya ya yi ƙasa a zaci ya mutu, alhali goga da busasshen burushi kawai ya ke so. Mai yawan zufa ya duba alamar IPX4 ko sama da haka a kwali, don ita ke nuna ya na jure gumi da yayyafi.

Ga masu kallon fim akwai wata matsala ta daban: jinkiri. Sautin bulutut kan makara da kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, kuma in waya da manhajar kallo ba su daidaita shi ba, sai a ga bakin jarumi ya motsa kafin magana ta iso, kamar fassarar fim ɗin Indiya da ba ta zauna ba. Mai waya ba shi da wannan ciwo. Ba ya son caji, abin da ba ƙarami ba ne ga wanda ke biyan kuɗi a shagon caji a Bungudu ko Kwatarkwashi. A wayoyi da dama ma shi ne eriyar rediyon FM. Rashin yayi kawai ke damun sa.

JABU YA FI SON BABBAN SUNA

Duk inda suna ya yi tsada, nan masu jabu ke sauka. Buga hoton tauraro a kwali ya fi komai sauƙi, kuma kwalin jabu wani lokaci ya fi na gaskiya sheƙi. Araha dai ba ta ado. In aka ce ga kayan Apple ko Beats a kuɗin da bai kai na buhun gawayi uku ba, to magana ta ƙare. Kamfanoni da dama na saka lambar da ake kankarewa a tabbatar da ita a shafin su na intanet. A kankare ta a gaban mai shago, a karɓi rasit, a tambayi garanti da inda ake kai kaya in sun lalace. Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin tambaya.

KUNNEN DA BA A SAYAR DA SHI A KASUWA

Duk abin da aka faɗa a baya maganar kuɗi ce, kuma kuɗi kan dawo. Ga wadda ba ta dawowa. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu kama da gashi, kimanin 16,000 a kowane ɓari, su ne ke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa na kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, na cikin haɗarin rasa ji saboda yadda su ke sauraren sauti. Ma'aunin da ta bayar shi ne disibel 80 na tsawon awa 40 a mako ga babba. In ƙara ta kai 90, awa 4 kacal ya rage a mako. In ta kai 100, abin da waya da iyafis ke iya kaiwa in an ƙure su, mintoci kusan 20 ne a mako gaba ɗaya. Kashi ɗaya na 'Izzar So' ya ninka haka.

Abin tsoron shi ne ba ya zuwa da zafi. A hankali ya ke ci. Alamar farko ita ce ƙugi ko shuuu a kunne bayan an cire iyafis, sai kuma mutum ya fara kasa tsintar magana a cikin taro, ya na yawan cewa "na'am?" Wanda ya ga haka ya nemi likitan kunne. Akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Dabarar da likitoci ke yawan bayarwa mai sauƙin riƙewa ce: kada ƙara ta wuce kashi 60 cikin ɗari, kuma bayan minti 60 a cire a huta. Ba a kwana da shi a kunne. Karɓa-karɓa tsakanin abokai ma hanya ce ta ɗaukar ciwon kunne, sai in an goge.

Sai maganar hanya. Sababbin iyafis na da fasahar kashe hayaniya: ɗan makirfo ya saurari ƙarar waje, sai na'urar ta fitar da kishiyar ta su kashe juna. Ta na aiki sosai kan ƙara mai ɗorewa irin ta janareto ko injin mota, kuma a ɗaki alheri ce, don mutum ba ya buƙatar ƙure murya. Amma a kan titin Gusau zuwa Funtuwa da ya ratsa Tsafe, ko na Sakkwato da ya bi ta Bungudu, inda tireloli da tankoki ke gudu dare da rana, ɗan kabu-kabun da ya toshe kunne biyu ya sayar da ran sa da na fasinja. Balle kuma halin tsaro da waɗannan yankuna ke fama da shi shekara da shekaru. A gona ko a bayan gari, sau da yawa kunne ke fara ba da labari kafin ido: rurin babura daga nesa, ihun gargaɗi, gudun jama'a. Wannan ba wurin kashe hayaniya ba ne. Ko a gida ma, uwa ta kira sau uku ba a amsa ba, ko ladan ya yi kira ba a ji ba, ai abin ya wuce ado.

KAFIN A ZARO KUƊI

Mai niyyar saye ya je shago da wayar sa da kayan gwajin sa: waƙar fim ɗaya ta mace da namiji, tsohuwar waƙar gargajiya ɗaya, da wani yanki na fim da ake magana zalla. Ya saurara a rabin murya, don a ƙure kowane iyafis gwani ne. Ya lura ko kalmomi na fita tar, ko baki da magana na tafiya tare. Ya girgiza kai ya ga ko zai faɗo. Ya kira wani ya tambaye shi ko ya na jin sa sosai. In bes ya yi yawa amma sauran lafiya lau, wayoyi da manhajojin kiɗa da yawa na da wurin daidaita sauti, a rage ƙasa a ɗaga tsakiya kaɗan. Sai bayan duk wannan ne zai dubi hoton da ke kan kwali.

Su ma 'yan fim da mawaƙan Hausa akwai abin dubawa a nan. Kamfanoni sun daɗe da sanin darajar su, tun lokacin da Glo ya ɗauki Ali Nuhu da Sani Danja jakadu. Duk jarumin da aka kawo wa tayin buga sunan sa a kan abin sawa a kunne, ya tuna cewa yaron Tsafe da zai saya ba injiniyan ƙasar Sin ya sani ba, shi ya sani, kuma shi zai zaga in kaya su ka mutu a mako biyu. Ya nemi a gwada sautin da waƙar Hausa da maganar Hausa. Ya nemi a saka gargaɗin yawan ƙara da harshen da masoyan sa ke ji. Ya tambayi inda mutumin Gusau zai kai ƙorafi ba sai ya je Kano ko Legas ba. In kamfani ya ƙi, to fuskar sa kawai ake so a haya.

Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. Wanda ya ke so ya ji waƙar bikin jikokin sa, tun yau zai fara rage murya. Allah ya tsare.